Kuɗin Da Na Ƙirga Sau Biyu

Haɗeja,
Ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya kai ki Kano lafiya, ya tsare miki hanya tun daga tashar Haɗeja har ƙofar gidan Gwaggonki Hajara. Allah ya sa ki shiga wannan aiki a sa'a, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin mai sharri.

Za ki yi mamakin samun takardata a cikin jakarki, alhali har safiyar tafiyarki muna gida ɗaya. Kin san sunan mahaifiyata gare ki, kuma tun kina ƙarama ban iya kallon idonki in yi miki doguwar magana ba. Da na fara sai in ji nauyi, in ɓige da tambayarki ko kin ci abinci. Shi ya sa na zauna a zaure na ɗauki biro.

Abin da ya tayar da maganar shi ne shekaranjiya, da kika ja ni shagon da kika koyi kwamfuta don ki nuna mini littafin lissafin nan na cikinta. Na ji daɗi ƙwarai. Na ga kin buɗe gida biyu, ɗaya na asusun da za a riƙa zuba miki albashi a Kano, ɗaya na asusun ajiyarki na nan Haɗeja. Kika ce bari ki gwada mini. Kika sa albashi dubu uku. Kika ɗebi dubu ɗaya kika kai asusun ajiya, kika rubuta ta a can cikin kuɗin shiga. Da kika danna, sai allon ya nuna cewa abin da kika samu a wata dubu huɗu ne.

Na ce, "Ummi, albashin naki nawa ne?"

Kika ce, "Dubu uku, Baba."

Na ce, "To, ina kika samo ta huɗun?"

Kika yi dariya kika ce ai gwaji ne. Mai shagon ya leƙo ya nuna miki wani gida na uku, wanda ya kira taransifa, ya ce nan ake sa kuɗin da suka tashi daga asusunki suka koma wani asusun naki. Kika gyara, muka fito. A wurinki an wuce wurin. Ni kuwa tun daga shagon har gida abin yana raina, domin wannan dubu ɗayar da ba ta wanzu ba na san ta. Ta taɓa raba ni da babur ɗina, 'yar'uwarta kuma ta kusa raba ni da amini.

Lokacin ba ki daɗe da shiga firamare ba, muna ƙarƙashin jihar Kano tukuna. Ina koyarwa, ina kuma noma shinkafa a fadamar da na gada wajen Auyo. Asusu biyu gare ni a banki: na albashi, wanda ake rubuta cek da shi, da na ajiya mai ɗan littafi. A gida kuma ina da littafi irin na 'yan makaranta, na ja layi a tsakiya, hannun dama shiga, hannun hagu fita. Ina alfahari da shi. Abokan aikina har ba'a suke yi mini, wai Malam Sani ko goro ya saya sai ya rubuta.

A shekarar shinkafa ta yi kyau. Na sayar, na sami naira dubu biyu, na kai asusun ajiya, na rubuta a shiga. Daidai ne. Bayan wata biyu na buƙaci kuɗin gyaran ɗaki da na ƙwadago, sai na sa aka mayar da dubu ɗaya da ɗari biyar daga ajiya zuwa asusun albashi. Banki suka ba ni takardar shaidar cewa kuɗi sun shiga. Na zo gida, na ga takarda ta ce sun shiga, na rubuta su a shiga. Ban rubuta cewa sun fita daga ajiya ba, don a raina ai ban kashe su ba. Daga ranar littafina ya fara yi mini ƙarya, ni kuma ina gaskata shi, tunda da hannuna na rubuta. Littafin ajiyar na banki yana ƙasan akwati, ban ko duba shi ba.

Da rani ya kama, sai na ƙudura sayen injin ban ruwa. Na duba littafina na ga ina da rarar da ta isa. Na je wurin Alhaji Maina mai sayar da injuna a bakin kasuwa, muka yi ciniki, na rubuta masa cek, na ce ya ba ni kwana biyu in mayar da kuɗi daga ajiya kafin ya kai. Ya ce ba komai, Malam, ɗauki injinka. Aka ɗora shi a mota zuwa Auyo, daga nan a kwalekwale zuwa gona. Maƙwabtan gona suka taru, aka tayar da shi, ruwa ya feso, ana ta yi mini barka. Ban taɓa jin kaina babban mutum ba kamar wannan yammacin.

Washegari na je banki na ce a mayar mini da dubu ɗaya da ɗari biyar. Akawun ya duba ya ce, "Malam, ɗari biyar ce ta rage a ajiyarka." Na ɗaga murya a gaban mutane. Na ce a kira manaja, na ce an taɓa mini kuɗi. Suka fito da takarda mai sa hannuna. Na tsaya ina kallon sa hannun kamar na wani ne.

Na dawo gida na baje littafi a tabarma, ina ta tarawa ina ɗebewa, lissafi yana ba ni gaskiya, banki yana ƙaryata ni. Innarki, wadda ba ta yi boko ba, tana gefe tana tsintar shinkafa. Ta ce in karanta mata abin da na rubuta layi-layi. Na karanta don dai in sallame ta. Da na zo kan dubu ɗaya da ɗari biyar ɗin, ta ce, "Tsaya, Malam. Waɗannan wa ya ba ka su?"

Na ce, "Daga ajiya na ɗebo."

Ta jawo ƙwarya biyu, ta kwashi shinkafa daga ɗaya ta zuba a ɗayar. Ta ce, "Yanzu shinkafar tawa ta ƙaru?"

Na rufe littafin.

Da ƙafata na je na gaya wa Alhaji Maina kada ya kai cek ɗin. Ya ce in na ga dama in mayar da injin ba tare da kowa ya ji ba. Amma kowa a fadama ya riga ya gani, kuma shukar rani tana jiran ruwa. Na sayar da babur ɗina na biya shi. Shekara biyu ina zuwa Auyo a keke. Kin tuna kina tambayata ina babur, ina ce miki ya tsufa? Bai tsufa ba.

Saboda haka, uwata, ga abu na farko. Kuɗin da suka tashi daga asusunki suka koma wani asusun naki ba samu ba ne, ba kuma kashewa ba ne. Ƙaura suka yi. Duk lokacin da za ki shigar da wani abu a kwamfutarki, ki tsaya ki tambayi kanki: wa ya ba ni, ko wa na ba? In amsar ita ce ni na ba kaina, to gidan nan na uku za ki nufa. Ki shigar sau ɗaya tak, ki faɗa mata daga ina zuwa ina, ita za ta rage can ta ƙara nan. Kada ki je asusu na biyun ki sake rubutawa da hannu don kin ga takardar banki ta ce sun shiga. Takardar banki asusu ɗaya kawai ta sani. Ke ce kika san duka biyun.

Kuskure na biyu ya fi wannan ciwo, don ba aljihuna ya taɓa ba, mutuncin wani ya taɓa.

Bayan an ba mu jiha, manoman shinkafa na yankinmu muka kafa ƙungiya don mu riƙa sayen takin zamani a dunƙule. Aka naɗa ni ma'aji. Sakatarenmu shi ne Malam Bitrus, malamin gona, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya fi shekara goma a Haɗeja. Kin san shi, shi ne ya kawo miki ƙamus lokacin da kika ci jarrabawar shiga sakandare. Tare muke hawa kwalekwale, tare muke cin gasasshen kifi a bakin ruwa. Ranar Sallah yana gidanmu, ranar Kirsimeti matarsa tana aiko mana da abinci.

Da yake dillalin takin a Kano yake, ƙungiya ta buɗe asusu na biyu a can. Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da ni kusan mako biyu. A wannan tsakanin shugaban ƙungiya da Malam Bitrus suka sa hannu aka tura naira dubu takwas daga asusunmu na Haɗeja zuwa na Kano, don kada farashi ya tashi mu rasa. Da na warke na karɓo littafin banki na Haɗeja, na ga dubu takwas sun fita. Tun abin da ya same ni a kan injin na zama mai tsoron rubuta shiga, amma ban koyi sauran darasin ba. Na rubuta su a fita, na bar gurbin dalili babu komai. Ban je na tambayi kowa ba. Na ce a raina in da gaskiya ai da an gaya mini.

Ranar taro shugaba ba ya nan, ya tafi ta'aziyya Jahun, littafin asusun Kano kuma yana hannunsa. Na miƙe na karanta abin da ya rage. Wani dattijo ya ce, "Ma'aji, ina dubu takwas?"

Na ce, "Ku tambayi sakatare."

Malam Bitrus ya miƙe a natse ya ce kuɗin suna Kano, a asusun ƙungiya, kuma ya bar mini takardar shaida. A nan ya kamata in ce to, bari mu duba. Sai na ce, "Ni dai ban ga wata takarda ba. Abin da na gani shi ne sun fita."

Ya dube ni ya ce, "Malam Sani, shekara nawa muna tare?" Ya ɗauki hularsa ya fita.

Kafin kwana uku magana ta zaga gari. Matarsa ta je kasuwa aka yi mata habaici. Wani da bai taɓa ba da ko sisi a ƙungiya ba ya ce dama ai baƙo ne. Wannan kalmar ta dame ni, don na san bakina ne ya buɗe mata ƙofa. Da shugaba ya dawo ya kawo littafin Kano, dubu takwas suna nan ba abin da ya taɓa su. Takardar da Malam Bitrus ya ce ya bari kuwa tana cikin bangon littafina na baya, inda ya saba sa mini takardu. Ban buɗe wurin ba.

Lokacin damina ne, ruwa ya cika fadama. Aka ce mini yana wani ƙauye can ƙetare yana duba gonaki. Na hau kwalekwale na bi shi. Na same shi tsaye cikin ruwa har gwiwa. Na ce, "Malam Bitrus, na zalunce ka. Ka yafe mini."

Ya ɗago daga kan shinkafar ya dube ni. Sannan ya ce, "Na yafe tun ranar. Amma a gaban mutane ka faɗa, a gaban mutane za ka gyara. Ba don ni ba, don 'ya'yana a garin nan suke makaranta."

Na kira taro na musamman na faɗi laifina da bakina, na ce a sauke ni. Shi ne ya miƙe ya ce kada a sauke ni, sai dai a ƙara layi na uku a littafi, na kuɗin da suka yi ƙaura. Muka ja shi tare a ranar. Zumuncinmu ya dawo, amma sai da aka yi kusan shekara kafin ya sake shigowa zauren nan ba tare da ya tsaya a waje an yi masa iso ba.

Don haka abu na biyu: kuɗin da suka yi ƙaura ƙafa biyu gare su, inda suka tashi da inda suka sauka. In kin ga ɗaya kawai, kada ki yanke hukunci, nemo ɗayar. Na ga akwai ɗan gurbi a kwamfutar inda ake rubuta bayani. Kada ki bar shi fanko ko sau ɗaya. Rubuta dalili da lambar takardar banki, ko da kalma uku ce. A wurin aikinki ma za a ba ki lissafin mutane. Ranar da kika ga rami a lissafi, ki sami mutumin shi kaɗai, ki tambaye shi da ladabi, ki duba bangon littafinki tukuna. Lamba ana goge ta a gyara cikin minti ɗaya. Ni 'yan kalmomi na faɗa a taro, na yi shekara ina gyara.

Ga wasu ƙananan abubuwa da ba sai na ba ki labari ba. Kuɗi daga Kano zuwa Haɗeja ba sa isowa a ranar, wani lokaci sai sun yi mako a hanya. Kada hankalinki ya tashi in kin ga sun bar can ba su iso nan ba, kada kuma ki sake turawa. Ki rubuta ranar da suka tashi, in sun sauka ki yi musu alama. Duk ƙarshen wata ki ɗora takardar banki kusa da allon ki bi su layi-layi. Kin san halin wutar lantarki, don haka ki riƙa adana aikinki a faifai, ki kuma buga shi a takarda ki ajiye a gidan Gwaggo. Na'urar nan ba ta gajiya, ba ta kuskuren tarawa, amma duk abin da kika gaya mata shi za ta tara. Da a ce ina da ita a shekarar injin, da ta ba ni ƙaryar nan tawa cikin tsabtataccen rubutu, da na ƙara yarda da ita.

Sai maganar gida. Na ji kina gaya wa Innarki wai rabin albashinki namu ne. Allah ya yi miki albarka, amma ban yarda ba. Lokacin da na fara aiki haka na yi, na riƙa juye komai a gida don a ce ɗan kirki ne, kafin tsakiyar wata in rasa na sabulu, in riƙa jin haushin mutanen da ba su roƙe ni ba. Ki raba abu biyu. Abin da kika turo asusunki na Haɗeja naki ne, ƙaura ya yi, littafin yana wurin Innarki, ba mai taɓa shi. Abin da kika ba mu kuma kyauta ce, ki sa shi a fita, ki cire ranki daga kansa. In kika haɗa su a gida ɗaya, wata rana za ki zaci kina da ajiyar da mun riga mun ci, ko mu ji nauyin cin abin da kika ba mu. Kaɗan da kika bayar da zuciya ɗaya ya ishe mu. Gona tana nan, injin ma har yanzu yana aiki.

Saura guda ɗaya, kuma wannan ko Innarki ba ta sani ba.

Shekara biyu bayan maganar Malam Bitrus, muka sake tura kuɗin taki Kano. Wannan karon na rubuta ƙaurar daidai. Amma da na haɗa lissafin shekara, sai na ga naira ashirin da biyar sun ɓace tsakanin abin da ya tashi da abin da ya sauka. Kwana uku ina nema ban gani ba, ga taro ya matso. Na ji tsoron in sake tsayawa gaban mutanen nan in ce ma'ajinku ya kuma rikicewa. Sai na je layin kuɗin dako, inda aka rubuta ɗari da hamsin, na mayar da shi ɗari da saba'in da biyar. Lissafi ya daidaita. Aka karanta, aka tafa mini.

Bayan wata guda takardar banki ta iso, na ga ashirin da biyar ɗin ladan banki ne na tura kuɗi. Ba wanda ya ci, ba abin da ya ɓata. Da na rubuta gaskiya, cewa akwai ashirin da biyar da ban gano ba tukuna, da ba wanda zai ce uffan. Ga shi na ɗora wa direban da ya yi mana dako kuɗin da bai karɓa ba. Ba a taɓa kama ni ba. Amma duk lokacin da wani ya ce Malam Sani ba ya ha'inci ko na ƙwandala, sai in ji kamar an ɗora mini dutse.

Ki sa ladan banki a layinsa daban, a cikin fita, kada ki cusa shi cikin ƙaurar. Kuma in lissafi ya ƙi daidaita, ki bar shi a buɗe, ki rubuta ban gano ba tukuna. A kwamfuta sauya lamba ya fi sauƙi, ba a ganin shaidar gogewa. Ke dai za ki sani.

Da na rubuta miki wannan yanzu, na ga ba dalilin ci gaba da ɓoye shi. Ranar Asabar akwai taron ƙungiya. Zan je da tsohon littafin in buɗe musu shafin. Na san za su yi dariya su ce Malam, a kan ashirin da biyar? Su yi. Ina so lokacin da wannan takarda za ta yi mako a hannunki, ya zama uban da ya rubuta ta ba shi da sauran lambar da yake tsoron a duba.

Ban rubuta duk wannan don ina shakkar ki ba. Abin da ya ɗauke ni shekara goma da babur guda kafin in gane, ke a cikin minti biyu kika gyara shi kina dariya. Hankalina a kwance yake. Za ki yi naki kuskuren, irin wanda ni ban ma san da shi ba, kuma in ya faru ki rubuto mini kafin ki gaya wa kowa. Ba za ki ji faɗa ba.

Ki gaida Gwaggonki da mutanen gidanta. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci kafin ki fita aiki. Innarki da ƙannenki suna yi miki addu'a. Allah ya tsare ki a tafiya da zama, ya tsare hannunki daga abin da ba naki ba, ya tsare harshenki daga mutuncin mutane. Allah ya sa albarka a kaɗan ɗinki da mai yawanki, ya dawo mana da ke lafiya, mu gan ki da idonmu. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Malam Sani.